Daga Du Bois zuwa Dokar Benin: Yadda Ba'amurke Ya Samu Ƙasa ta Biyu a Yammacin Afirka

Tun da maƙwabciyarmu Benin ta kafa doka a Satumban 2024, wadda ta ba jikokin bayin da aka ƙetara teku da su damar zama 'yan ƙasa, ake ta ka-ce-na-ce. A Yulin 2025 mawaƙiya Ciara ta karɓi tata takardar a Kotonu. Wasu sun ce ɗinke zumunci ne, wasu sun ce farautar dala ce. Mu mutanen Kurfai a Nijar muna da ta cewa, domin mun san ɗacin baƙunta tun zamanin da samarin Filinge ke taka sayyada zuwa Kumasi cin rani.

Tushen abin cinikin bayi ne. Ɗaruruwan shekaru ana lodin mutane a bakin teku irin su Wida, har da Hausawa a ciki. Daga baya wasu jikokinsu suka komo suka kafa Laberiya, wadda ta ayyana 'yancinta a 1847.

Labarin zamaninmu a Ghana ya soma. A 1961 shugaban Ghana Kwame Nkrumah ya gayyaci dattijon masanin nan W.E.B. Du Bois zuwa Akra. Da Amurka ta ƙi sabunta masa fasfo, sai ya zama ɗan Ghana a 1963, shekarar da ya rasu. A wancan lokaci Ba'amurken da ya rungumi wata ƙasa yana iya rasa tasa.

Masu danganta komai da littafin Roots na Alex Haley na 1976, ko da gwajin jini na DNA, sun kama reshe sun bar gindi. Waɗannan shauƙi suka tayar, amma shauƙi ba ya ba da fasfo. A ganina mabuɗin yana cikin hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na 1967, a shari'ar Beys Afroyim, wanda aka hana fasfo saboda ya jefa ƙuri'a a Isra'ila a 1951. Kotu ta ce gwamnati ba ta da ikon ƙwace ɗan ƙasanci daga wanda bai yarda ya saki ba. Daga nan ne hanyoyin samun ƙasa ta biyu suka fara amfani: ta asalin kakanni, ta aure, ta daɗewar zama, da ta zuba jari kamar yadda tsibirin Saint Kitts ya soma a 1984.

Sai a 2000 Ghana ta yi dokar ba jikokin Afirka izinin zama na dindindin. Saliyo ta ba ɗan fim Isaiah Washington takardar ɗan ƙasa a 2010. A 2019, “Shekarar Komowa”, Ghana ta rantsar da mutum 126 a matsayin 'yan ƙasa, a Nuwamban 2024 kuma 524. Benin tana neman mutum ya kai shekara 18, da shaidar cewa an fitar da kakan mutum a bauta, da ziyarar ƙasar cikin shekara uku. Nijar ba ta da irin wannan doka, amma gyaran 2014 ya halatta riƙe ƙasa biyu, ya kuma ba 'yar Nijar damar ba mijinta baƙo ɗan ƙasanci.

Ina murna da komowar 'yan'uwanmu, haƙƙinsu ne. Sai dai ba mu manta da Nuwamban 1969 ba, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar Ghana, 'yan Nijar da dama suka dawo sun bar dukiyarsu a zango. Ƙasar da ta iya gane jikan da ya yi shekara ɗari uku a ƙetare, ya wajaba ta gane ɗan zangon da aka binne cibiyarsa a Kumasi.