Takarda mai wata uku: daga ayarin Agadas zuwa ɗakin awon jini

Duk wanda ya taɓa ɗaga warƙar tsohon littafi daga gafakar wani malami a Agadas, ya kara ta da hasken rana, mai yiwuwa ne ya ga jinjirin wata guda uku a jere cikin jikin takardar. Wannan tambari na masana'antun arewacin Italiya ne, irin ta iyalan Galvani da ke yankin Pordenone. Daga can jiragen ruwa ke kai takardar Tarabulus, raƙuma su ɗauko ta zuwa Gat, su ratso Abzin har Kano. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya sauka Agadas a watan Oktoba na 1850, ya lissafa takarda mai wata uku cikin hajar da ya tarar a kasuwar Kano a 1851.

Abin tambaya shi ne, me ya sa waɗannan takardu suka haura shekara ɗari da hamsin da ƙarfinsu, alhali littafin rubutun ɗan makaranta na yau kan yi ja ya dinga karyewa tun mai shi na da rai? Amsar tana cikin abin da aka yi su da shi. Takardar dā da tsummokin lilin da na auduga ake kirɓa ta. A shekarar 1838 wani masanin haɗa sinadarai Bafaranshe, Anselme Payen, ya tace ainihin zaren da ke riƙe jikin kowane tsiro, wanda aka raɗa wa suna selulos. Shi ne a cikin kabar da matan Abzin ke saƙa tabarma da ita, shi ne a karan hatsi. A auduga ya kai kashi 90 cikin ɗari, a itace kuwa bai wuce rabi ba. Tun tsakiyar ƙarni na 19 da Turawa suka koma niƙa itace don yin takarda mai araha, sai ta zo da gaurayen da ke cinye ta sannu a hankali.

Masana ba su tsaya nan ba. A 1886 Baturen Ingila Adrian Brown ya gano cewa yanar da ke taruwa a saman ruwan tsami selulos ce tsantsa, wadda ƙwayoyin bakteriya ke saƙawa. Yau ana kiwon waɗannan ƙwayoyi don samar da abin rufe ƙuna da gyambo, har an gwada shimfiɗa yanar kan tsofaffin takardu don ƙarfafa su. Wani reshen binciken kuma ya iso mu har gida. A 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a auna jinin duk wanda ake zaton yana da masassarar cizon sauro kafin a ba shi magani. Ɗan farin abin awon da ma'aikacin lafiya ke ɗiga wa jinin yaro, in ka fasa shi, siririn ƙyallen selulos ne a ciki, an shafa masa sinadarin da ke cafke alamar cutar. Cikin minti goma sha biyar zuwa ashirin layi ya fito. Ashe zaren da ya ɗauki tawadar malamai shi ne ke karanta jinin jikokinsu.

Sai dai abin da ya sa takarda ta yi ƙarko shi ne kuma ya sa gara ke son ta. Da taimakon ƙananan halittun da ke cikin hanjinta take narkar da selulos, dabarar da masana ke nazari don mai da kara da ɓawo makamashi. Su abin nazari ce gare su, mu kuwa ɓarna take yi mana. Ba kuma ita kaɗai ba: bayan da sojan Faransa suka karya ƙawanyar Kawusan a watan Maris na 1917 an kashe malamai da dama a garin, sannan ambaliyar Satumban 2009 ta rusa gidajen ƙasa masu yawa.

Ba a zauna hannu rungume ba. Yves Urvoy ya buga fassarar kundin tarihin sarakunan Agadas a 1934, marigayi Boubou Hama kuma ya tara dubban rubuce-rubucen hannu da ke ajiye a cibiyar IRSH ta Yamai. A 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin kayan gadon duniya. Amma hasumiyar masallaci mai tsawon mita 27 kowa na ganin ta, ana yi mata yaɓe; warƙar da ke ƙasan adaka a ƙuryar ɗaki ba mai ganin ta sai gara.

Jiya raƙumi ya kawo mana takarda, yau jirgi ke kawo mana abin awo, alhali kaba da kara na nan jibge a ƙofar gidajenmu. Kafin ƴaƴanmu na jami'ar Agadas su kai ga sarrafa su, akwai aikin da bai buƙatar ɗakin bincike: a ɗaga adaka daga ƙasa, a nisanta ta da danshi, a ɗauki hoton kowace warƙa tun tana karantuwa.