Ganduroba a Bakin Daga: Nazarin Haɗarin Aikin Gidan Yari Daga Iyakar Bagudo da Jamhuriyar Benin

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi haɗarin da gandurobobi ke shiga idan masu faɗa da hukuma suka mayar da gidan yari fagen daga. An bibiyi hare-haren da aka kai daga 2010 zuwa 2024, aka auna su da halin da ƙasar Bagudo ta Jihar Kebbi ke ciki. Binciken ya gano cewa tushen haɗarin shi ne daɗewar waɗanda aka kamo a rikici suna jiran shari'a a gidajen da ba don irinsu aka gina ba.

1.0 Gabatarwa

Har zuwa 1968 yawancin gidajen yarin Arewa suna hannun En'e ne, kafin Gwamnatin Tarayya ta karɓe su. A 2019 sabuwar doka ta sauya wa hukumar gidajen yari suna zuwa ta Gyaran Hali. Aikin dai bai sauya ba: ƙirga fursunoni safe da yamma, rabon abinci, raka marar lafiya asibiti, kai masu jiran shari'a kotu. Ganduroban da ke zagaya ɗakuna makullai ne a ƙugunsa, bindiga tana wurin masu tsaron ƙofa da hasumiya. Sannan a cikin gari yake kwana, dangin wanda ya kulle sun san ƙofar gidansa.

2.0 Abin da Hare-haren Suka Nuna

Ranar 7 ga Satumba 2010 'yan Boko Haram suka fasa gidan yarin Bauchi, fursunoni 721 suka fice. A Fabrairun 2012 aka kashe ganduroba ɗaya a Koton Karfe, aka saki mutum 119. Mafi muni ga ma'aikatan shi ne na Bama, ranar 7 ga Mayu 2013, inda gandurobobi 14 suka rasa rayukansu a safiya guda, aka kwashe fursunoni 105. Na Kuje kuwa, ranar 5 ga Yuli 2022, ISWAP ce ta ɗauki alhakinsa. Mutum 879 suka tsere, cikinsu har da 64 da ake tuhuma da ta'addanci, ga fadar gwamnati ba nisa. A Nijar ma an kai wa gidan yarin Kutukale hari a 2016 da 2019, fursunoni suka ɓalle daga cikinsa a Yulin 2024.

A Bauchi da Kuje maharan 'yan'uwansu suka zo ɗauka, sauran fursunoni albarkacin kaza ne ƙadangare ya sha ruwan kasko. Ke nan ranar da aka ajiye wa ganduroba ɗan ƙungiya, ranar aka sa shi cikin yaƙin da ba a horar da shi dominsa ba. Idan kuma ya tsira da rai, tuhumar haɗa baki tana jiransa. Wannan rashin adalci ne, domin ba shi ya kamo mutumin ba, ba shi ke ɗage zaman kotu ba. Kusan kashi biyu cikin uku na mazauna gidajen yarin Nijeriya jiran shari'a suke yi.

3.0 Bagudo da Iyaka

Matsinkai da sauran garuruwan Bagudo suna maƙwabtaka da lardin Alibori na Benin, hanyar Tsamiya ta miƙe zuwa Segbana. A wannan lardi, cikin dajin W, mayaƙan JNIM suka kashe sojojin Benin 54 a Afrilun 2025. Ta arewa kuma Lakurawa sun kashe mutum 15 a Mera ta Augie a Nuwamban 2024, kotun tarayya ta ayyana su 'yan ta'adda a Janairun 2025. Duk wanda jami'an tsaro suka kamo a irin wannan yanki, in an gurfanar da shi, hannun ganduroba zai ƙare. Wurin da ya fi rauni ma ba bayan katanga ba ne. Motar kai fursuna kotu ce, a hanyar daji, ranar da kowa ya sani.

Umarnin da Ministan Cikin Gida na lokacin, Rauf Aregbesola, ya bayar a Janairun 2022, cewa a harbe duk mai kawo wa gidan yari hari, bai hana na Kuje ba bayan wata shida.

4.0 Shawarwari

Gyaran tsarin mulki na Maris 2023 ya bai wa jihohi damar kafa nasu gidajen gyaran hali, dokar 2019 kuma ta yarje wa kwanturolan jiha ya ƙi karɓar ƙarin fursunoni idan cunkoso ya wuce ƙima. Ya kamata Gwamnatin Kebbi da Babban Jojin jihar su tsaya a riƙa yanke shari'ar waɗanda aka kamo a iyaka cikin hanzari, kuma kada a kwanar da ko ɗayansu a gidan da ba shi da sojoji a ƙofa.