Man Kaɗe da Gashin da Ba a Kitse Ba

A tsohuwar al'adar Hausawa gashin mace ba ya daɗewa a sake. A tsefe shi, a wanke, a shafe shi da mai, kafin rana ta faɗi makitsiya ta mayar da shi shuku ko doka ko zanen yawo. Kai tsefe alama ce ta jinya ko sakaci. Saboda haka salon da ya yaɗu tsakanin 'yan mata a shekarun nan, wanda za mu kira wanke-ki-fita, baƙo ne a ƙasar Hausa: mace ta wanke gashinta, ta shafa masa abin da zai riƙe nannaɗewarsa tun yana jiƙe, ta bar shi ya bushe yadda Allah ya halicce shi, ba kitso, ba man miƙar da gashi. Salon daga Amurka ya zo. Amma man da ya fi dogara da shi, wato man kaɗe, daga wannan yanki namu ya tafi can, kuma ɗaya daga cikin wuraren da ake sarrafa shi yau ita ce Jisonayili, wata unguwa a gefen Tamale, cikin gundumar Sagnarigu ta arewacin Gana.

Ɗalibi ya lura da kalmomin. Itaciyar ita ce kaɗanya, kamar yadda ake cewa ɗorawa ko tsamiya, man kuwa a ce man kaɗe ko man kaɗanya, duka biyu daidai ne. Dagombawa, mutanen ƙasar Tamale, suna kiransa kpakahili.

Tarihin man tsoho ne ƙwarai. A Kirikongo, yammacin Burkina Faso, masu haƙar kayan tarihi ƙarƙashin Daphne Gallagher sun tono ɓawon ƙwarar kaɗe a kufan gidaje, suka bayyana a 2016 cewa mutanen wurin suna sarrafa ta tun wajen shekara ta 100 Miladiyya. Ibn Batuta, a tafiyarsa zuwa Mali a 1352, ya ga ana fitar da mai daga ƙwallon wata itaciya, ana girki da shi, ana kunna fitila, ana shafawa a jiki, har ana kwaɓa shi da ƙasa a yi yaɓen ɗaki. Mungo Park ya tarar da shi a ƙasar Bambara a 1796, ya yaba shi fiye da man shanu, musamman da yake yana shekara bai lalace ba ko ba gishiri. Daga sunan itaciyar a bakin Bambarawa Turawan Ingila suka samo nasu sunan, masana tsirrai kuma suka daɗe suna jingina ta ga Park kafin a tsaya kan Vitellaria paradoxa.

Hausawa sun san ƙasar Dagomba ta dalilin goro. Fataken Gwanja sukan tashi daga Kano da Katsina da kanwa da tufafi da fatu, su bi ta Yendi su sauka Salaga, inda man kaɗe yake cikin hajar da ake turawa kudu zuwa Asante da bakin teku. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa kasuwar, 'yan kasuwa suka bazu, kuma bayan da Turawa suka mayar da hedikwatar arewa daga Gambaga zuwa Tamale a 1907, zangon Hausawa ya kafu a can. Shi ya sa har yau za ka iya cinikin man kaɗe da Hausa a kasuwar Tamale.

Aikin kansa bai sauya sosai ba, kuma na mata ne. Kaɗanya ba a cika shuka ta ba, a daji da gonaki take fitowa, sai ta kai shekara goma sha biyar ko ashirin kafin ta fara 'ya'ya. Da farkon damina mata sukan yi sammako su tsinci waɗanda suka faɗo, su cire naman, su dafa ƙwallon, su shanya, su fasa. Sai a daka ƙwarar, a soya, a niƙa ta zama kamar kunu mai duhu. Daga nan aiki mafi wuya yake farawa. Mace ta sunkuya kan babban baho tana bugun ƙullun da hannu, tana ƙara ruwa kaɗan-kaɗan, har farin kumfa ya taso sama. Wannan kumfa ake kwashewa a tafasa, ruwan ya ƙone, datti ya kwanta, a tace, a bar shi ya daskare. Injin niƙa ya rage wahalar turmi da dutse a wurare irin su Jisonayili, amma bugun nan a wurare da yawa da hannu ake yin sa har gobe.

Kasuwar waje ta fara neman kaɗe ne don abinci, kuma har yanzu mafi yawan abin da ake fitarwa cakulan da kayan zaƙi yake tafiya, musamman tun da Tarayyar Turai ta yarda a 2000 a sa irin wannan mai har kashi 5 cikin 100 a cakulan. Kayan kwalliya sun biyo baya. Tun 1994 kamfanin The Body Shop yake sayen mai daga ƙungiyar mata ta Tungteiya a yankin Tamale. A 1991 Richelieu Dennis, ɗan Laberiya, ya fara sayar da sabulu da man kaɗe a titunan Harlem, sana'ar da ta zama SheaMoisture, wadda Unilever ya saya a 2017. A tsakanin waɗannan shekaru ne baƙaƙen matan Amurka da yawa suka juya wa man miƙar da gashi baya, bayan kusan ƙarni guda ana ƙona fatar kai da shi. Littafin Lorraine Massey mai suna Curly Girl ya fito a 2001, intanet ta ɗauki sauran aikin, California kuma ta yi doka a 2019 da ta hana a wulaƙanta ma'aikaci ko ɗalibi saboda gashinsa na halitta.

A nan ne sanin man yake da amfani ga mai son salon ya yi mata kyau. Gashi mai murɗewa yana saurin bushewa, domin maiƙon da fatar kai take fitarwa ba ya iya bin lanƙwasarsa har ƙarshe. Man kaɗe kuwa ba ya ɗauke da ruwa, aikinsa shi ne ya rufe ruwan da ya tarar. Wadda ta shafa shi a busasshen gashi ta rufe ƙofa ne bayan ɓarawo ya fita. Ga shi kuma kaɗanyar Afirka ta Yamma, ta Gana da Nijeriya da Nijar, manta ya fi tauri da nauyi a kan na Yuganda da Sudan ta Kudu, wanda yake da laushi tun a kwano. Nauyin nan ya dace da kitso, inda ake son gashi ya kwanta ya yi mako biyu ko uku. A wanke-ki-fita, idan ya yi yawa, sai ya danne nannaɗewar, ya hana jel kamawa, ya bar farin gari-gari a kai. Abin da ya fi shi ne a raba gashin kashi-kashi yana ɗigar ruwa, a warware shi da yatsu, a narkar da man da bai wuce ƙwayar gyaɗa ba a tafin hannu don kowane kashi, a bi da jel, sa'an nan a cire hannu har ya bushe. Yawan taɓawa shi yake sa ya tashi buzu-buzu.

Ko santsin da ake saye a kwalba ba sabon abu ba ne a wurinmu, don kuwa tun kaka da kakanni matan Hausa suna jiƙa karkashi su wanke kai da yauƙinsa, gashi ya warware ba tare da ya tsinke ba. Abin da bidiyon Amurka ba sa lissafawa shi ne hunturu. Daga Disamba zuwa Fabrairu iskar Tamale, kamar ta Kano, takan tsotse danshin gashin da aka bari a buɗe cikin yini guda, ƙura kuma ta manne wa mai. A ganina wannan lokaci na kitso da ɗankwali ne, salon sakin gashi kuwa ya fi karɓar damina.

Yawan buƙatar ya sa ƙwarar ta yi tsada a hannun matan da suke sarrafa ta, domin dillalan kamfanoni suna riga su saye. Gwamnatin Nijeriya ta dakatar da fitar da ɗanyar ƙwarar kaɗe na wata shida a Agustan 2025, don a riƙa sarrafa ta a gida. A arewacin Gana kuma akwai wata barazanar da ta fi kusa: kaɗanya tana ba da gawayi mai kyau, masu gatari kuwa ba sa jiran shekara ashirin.