Horar da Masu Jinyar Tsofaffi a Ƙauyukan Hausawa na Hasahisa: Wa Doka Za Ta Sa wa Ido?

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda ya kamata a tsara horon masu jinyar tsofaffi a ƙauyukan Hausawa na yankin Hasahisa, Jihar Jazira ta Sudan. An kwatanta dokokin Amurka da Ingila da yarjejeniyar Tarayyar Afirka ta 2016, sannan aka auna su da tarihin horar da ma'aikatan lafiya a Sudan. Matsayin maƙalar shi ne, tun da a cikin gida ake jinyar tsoho a wannan yanki, mutumin da ke jinyar ya kamata a horar, a ba shi shaida, a riƙa bibiyarsa.

1. Gabatarwa

Hasahisa tana gaɓar yamma ta Shuɗin Nilu, tsakanin Khartum da Wad Madani. Hanyar aikin Hajji ce ta fara kawo Hausawa wannan ƙasa, sai hijirar da ta biyo bayan yaƙin Burmi na 1903, wadda ta kai ga kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar. Da aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, gonakin audugar Jazira suka buƙaci hannaye, Hausawa kuwa suna cikin waɗanda suka amsa. Da yawansu ba su sami hawasha ba, wato gonar da hukumar aikin noman Jazira ke ba manomi, sai suka zauna a matsayin 'yan ƙwadago, wasu a ƙauyuka, wasu a matsugunan da ake kira kanabi (guda ɗaya: kambo). 'Ya'yansu da jikokinsu ne tsofaffin yau. Wanda ya tsufa yana tsinkar auduga ba shi da fansho, ba shi da gonar da zai ba da haya. Ƙarfin 'ya'yansa kaɗai ne jarinsa.

2. Abin da dokokin waje suka tsara

A Amurka, dokar gyaran gidajen jinya ta 1987 ta wajabta wa mataimakin jinya horo na aƙalla awa 75, da jarrabawa, da shiga rajistar jiha. A Ingila hukumar sa ido kan ingancin kulawa ta fara aiki a 2009, kuma tun 2015 akwai shaidar horon farko ga sababbin ma'aikata. Duka biyun sun ginu a kan abu uku: ma'aikata mai rajista, ma'aikaci mai albashi, da sufeto mai ikon rufe wuri.

A Sudan, kafin yaƙin 2023, gidajen gajiyayyun da aka fi sani suna babban birni, kamar Darul Dau Hajjuj a Bahri da gidan tsofaffin mata na Sajjana, kuma galibi waɗanda ba su da kowa suke karɓa, kamar dai gidan gajiyayyu na Shahuci a Kano. Irin waɗannan gidaje suna buƙatar doka mai tsauri, babu shakka. Amma dokar da ta tsaya a kansu ba za ta taɓa tsohuwar da ke kwance a ɗakin bayan gida a wani kambo ba. Yarjejeniyar Tarayyar Afirka kan haƙƙin tsofaffi ta fi kusa da wannan yanayi, domin ta ɗauki zama a gidan kulawa a matsayin zaɓi, ta kuma nemi gwamnatoci su tallafa wa dangin da ke jinya a gida.

3. Mai jinya ta gaskiya

A waɗannan ƙauyuka 'ya ce ke jinya, ko suruka, ko jika da aka cire daga makaranta. Tausayi ba ya ƙaranci a wurinsu. Abin da ke ƙaranci shi ne sani, kuma rashinsa yana kisa ta hanyoyin da likitoci suka daɗe da ganewa. Tsohon da ɓarin jikinsa ya shanye, in ba a juya shi kusan kowace awa biyu ba, fatar ƙugu da dunduniya takan buɗe ta zama miki mai wuyar warkewa. In aka ɗura masa kunu yana kwance, kunun kan bi hanyar numfashi ya haifar da ciwon huhu. Mai ciwon suga da ya sha magani bai ci abinci ba yakan suma, a ɗauka ajali ne, alhali ruwan sukari zai farfaɗo da shi in yana iya haɗiya. Ƙishirwa takan ragu da tsufa, don haka a zafin Afrilu da Mayu jikin tsoho kan bushe bai nemi ruwa ba. Zazzaɓin cizon sauro, wanda magudanan ban-ruwa suka zaunar a Jazira, yakan zo wa tsoho da ruɗewa, sai a ce gigin tsufa ne a ƙyale shi.

Akwai kuma kunya, wadda tsarin horo na waje bai san da ita ba. Suruka ba za ta yi wa mahaifin mijinta wanka ko tsarki ba. In ɗansa yana gona ko ya tafi ci-rani, dattijon kan kwana cikin fitsari, kowa yana jin nauyin magana. Duk shirin da ya horar da mata kaɗai ya bar tsofaffi maza a baya.

4. Darasin ungozomomin Omdurman

Sudan tana da nata misali. A 1921 Mabel Wolff ta buɗe makarantar ungozoma a Omdurman, ta ɗauki matan da ba su iya karatu ba, ta koya musu gane magani da ƙamshi da ɗanɗano. Kowace ta koma garinsu da lasisi da akwatin kayan aiki, masu duba aiki kuma suna zagayawa suna buɗe akwatin. Shaidar tana jikin mutum, wurin aiki gidajen jama'a ne, abin dubawa kuma a bayyane yake. Rauninsa ma darasi ne: ungozomomin ƙauye da yawa sun shafe shekaru babu albashin gwamnati, sai abin da masu jego suka ba su. Mai haihuwa takan ba da goro cikin murna. Iyalin da suka shekara biyu suna jinya ba su da abin bayarwa.

Cibiyoyin da za su ɗauki aikin suna nan. Kwalejin Kimiyyar Lafiya da Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta kafa a 2005 tana da rassa a jihohi. Jami'ar Jazira, wadda aka kafa a 1975, ta shahara da koyar da likitanci a cikin al'umma, kuma a 2010 ta fara horar da likitocin iyali sama da 200 suna bakin aiki a cibiyoyin lafiya na jihar. Jagoran Hukumar Lafiya ta Duniya na 2017 kan kula da tsofaffi ya ba da abubuwan da ma'aikacin ƙauye zai iya gwadawa: tafiya, cin abinci, gani, ji, tunani da damuwa.

5. Bayan yaƙi, da abin da maƙalar ke ba da shawara

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya iso Jazira a Disamba na wannan shekara, sojojin gwamnati ba su ƙwato Wad Madani ba sai Janairu 2025. An wawushe cibiyoyin lafiya, masu ƙarfi sun gudu, waɗanda ba sa iya tafiya suka rage. Tun da sake gini ake yi, yanzu ne lokacin shigar da tsofaffi cikin tsarin.

Shawarar ita ce ma'aikatar lafiya ta jiha ta ƙirƙiro matakin mai jinyar tsofaffi na unguwa: mace ɗaya da namiji ɗaya da jama'a suka zaɓa, a horar da su a aikace na 'yan makonni, a yi musu rajista, su kuma su shiga gida-gida suna koya wa iyalai. Koyarwar ta kasance da Hausa tare da Larabci, domin mai gigin tsufa yakan koma harshen da ya fara ji, ko da ya shekara sittin yana ciniki da Larabci. Alawus ɗinsu zai iya fitowa daga Diwanin Zakka, wanda dama yake biya wa iyalai matalauta kuɗin inshorar lafiya. Kada a sa takardar ɗan ƙasa ta zama sharaɗin amfana, domin tsofaffin kanabi suna cikin waɗanda samunta ya fi yi wa wuya.

Dubawa kuwa ta rataya a kan likitan iyali ko mataimakin likita na cibiya mafi kusa. Duk wata uku ya ziyarci gidaje, ya duba fatar bayan majinyaci, ya auna damtsensa, ya lissafa magungunan da suka rage, ya tambaye shi cikin sirri ko ana kyautata masa. Mai jinyar unguwar da aka samu da sakaci a sake horar da shi, wanda aka samu da cin zarafi a soke shaidarsa a sanar da mai unguwa.