Shekara Arba'in Tsakanin Harsashi Da Tashin Jirgi: Tarihin Jirgin Cikin Garin Ikko

Duk wanda ya taɓa zuwa Ikko, ko fatauci ya kai shi ko ziyarar 'yan'uwa a Agege ko Idi-Araba, ba sai an ba shi labarin cunkoson motocin garin ba. Mutum zai fito tun asuba, amma sai hantsi ya dubi ludayi bai isa inda za shi ba. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne, tun 1983 aka kafa harsashin maganin wannan wahala, amma sai 2023 fasinja na farko ya shiga jirgin. Ina ganin ya kamata mu waiwayi abin da ya cinye waɗannan shekaru arba'in, domin kuwa masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya.

Jirgin cikin gari ba baƙon abu ba ne a Ikko. A 1901 Turawan mulkin mallaka suka buɗe layin dogo daga Ikko zuwa Ibadan, amma babbar tasharsa tana Iddo ne, alhali kuwa kasuwanni da ofisoshi suna kan tsibiri. Saboda haka a 1902 aka shimfiɗa wani siririn layi ta kan Gadar Carter, aka ɗora masa ƙaramin jirgi mai aiki da tururi, yana kwasar mutane da kaya daga Iddo zuwa cikin gari. Bai fi shekara goma sha biyu yana ɗaukar fasinja ba aka dakatar da shi. Abin da ya rage na layin sai aka bar shi ga aikin kwashe bayan gida daga unguwanni, har zuwa 1933 da aka rufe shi baki ɗaya. Daga nan motoci suka gaje hanya.

Bayan samun 'yancin kai, musamman lokacin da kuɗin man fetur ya shigo a shekarun 1970, jama'a suka yi ta kwarara Ikko daga kowace kusurwa, ga shi kuma a sannan ita ce hedikwatar ƙasa. Manyan motocin da ake kira molue da ƙananan danfo suka kasa ɗauke wannan taro. Ganin haka, Gwamna Alhaji Lateef Jakande, wanda ya hau mulki a 1979, ya ƙudura gina jirgin cikin gari daga Marina zuwa Agege. Aka ba wa gamayyar wasu kamfanonin Faransa kwangilar, kuma a 1983 Shugaba Shehu Shagari ya ƙaddamar da aikin a Yaba.

To, sai dai ana bikin duniya ake na kiyama. Ranar 31 ga Disamba, 1983, sojoji suka kifar da gwamnatin farar hula, kuma a 1985 gwamnatin Manjo Janar Muhammadu Buhari ta soke aikin. Adalci shi ne a faɗi cewa a lokacin farashin mai ya faɗi, bashi ya yi wa ƙasa katutu, ana ta tsuke bakin aljihu. Amma soke kwangila ma ba kyauta ba ne. Sai da aka biya 'yan kwangilar diyya mai ɗimbin yawa, ba tare da ko tarago ɗaya ya motsa ba. Ba tsuntsu, ba tarko.

Domin mai karatu ya gane girman asarar, sai ya dubi Alƙahira. Ita ma a farkon shekarun 1980 ta fara nata aikin da taimakon Faransawa, ita ma Masar ba ta cikin wadata, amma ba ta tsaya ba. A 1987 jirginta ya fara ɗaukar mutane. Yaron da aka haifa a Ikko shekarar da aka kafa harsashi kuwa, ya yi karatu, ya yi aure, ya haihu, duk yana rataye a ƙofar molue.

Sai a 2002, zamanin Gwamna Bola Tinubu, aka kafa hukumar kula da sufuri ta LAMATA, wadda ta zana wa garin taswirar layuka daban-daban, kowanne da launinsa. Gwamna Babatunde Fashola ya fara gina Shuɗin Layi, mai tsawon kilomita 27 daga Marina zuwa Okokomaiko, aka ba kamfanin CCECC na ƙasar Sin kwangilar. Shi ma ya sha jinkiri, aka yi ta ɗage ranar kammalawa saboda ƙarancin kuɗi da wuyar kafa ginshiƙai a cikin ruwa. Bambancin kawai shi ne wannan karon babu wanda ya soke shi. Gwamnoni sun sauya, aikin yana tafiya ko da da rarrafe ne.

A watan Janairu 2023 aka buɗe kashin farko, kilomita 13 da tashoshi 5 daga Marina zuwa Mile 2, jirgi mai aiki da lantarki. Ikon Allah, wanda ya yanke kyallen buɗewar shi ne Shugaba Buhari, mutumin da gwamnatinsa ta soke na farko. Ranar 4 ga Satumba, 2023, zamanin Gwamna Babajide Sanwo-Olu, ya fara jigilar jama'a. A 2024 kuma aka buɗe Jan Layi daga Agbado zuwa Oyingbo, wanda ya ratsa ta Agege da Ikeja da Oshodi da Yaba, wato kusan hanyar nan da Jakande ya zana tun farko.

Darasin da ke cikin wannan tarihi bai tsaya a Ikko ba. An buɗe jirgin cikin garin Abuja a 2018, ya tsaya a 2020 lokacin annobar korona, bai dawo aiki ba sai 2024. A Kano da Kaduna ma an daɗe ana zancen irinsa. Layin dogo ba aikin da gwamna ɗaya zai fara ya gama a wa'adinsa ba ne. Yana bukatar hukuma mai ɗorewa, da gina shi kashi-kashi gwargwadon ƙarfin aljihu, da magajin da ba ya jin kunyar ƙarasa abin da wani ya fara. Idan wata rana aka kafa irin wannan harsashi a garuruwanmu, kada mu ruɗu da bikin ranar farko. Mu tambayi wanda zai riƙe aikin bayan mai shi ya sauka. Allah ya ba mu shugabanni masu hangen nesa, amin.