Mai Wurno: Mutanen da Hanya ta Zame Musu Gida

Yau gabas za mu nufa, ƙasar Sudan.

A watan Maris na 1903 Turawan Ingila suka ci Sakkwato. Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya ƙi zama a ƙarƙashinsu, ya ɗaura niyyar hijira zuwa Makka, dubban mutane suka bar gonakinsu suka bi shi. A Burmi, cikin jihar Gombe ta yanzu, aka gwabza, ya yi shahada ranar 27 ga Yuli. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a har bakin kogin Nilu, kudu da Sinnar, suka kafa garin da har yau ake kira da sunansa.

Da aka buɗe gonakin auduga na Jazira a 1925, maniyyata masu tafiya a ƙasa suka riƙa yada zango suna ƙwadago don haɗa guzuri. Zaman wata uku ya koma shekara talatin. Aka haifi 'ya'ya, aka haifi jikoki.

To, nan ne abin ya tsaya mini a rai. A littafinsa na 1995, "Permanent Pilgrims", manazarci Bawa Yamba ya nuna yadda jikokin nan, waɗanda aka haifa a Sudan, suke ɗaukar kansu matafiya aikin hajji. A can ana ce musu Fallata ko Takari, wato baƙi daga yamma. Ƙasar kakanninsu kuma ta yi nisa. Sai suka jingina asalinsu da alƙibla: ko ba a isa ba, niyya tana nan, kuma ita ta ba zamansu ma'ana.

Amma kada mu yi wa labarin ado. A 2022 rikici ya ɓarke a jihar Blue Nile kan ƙasa da sarautar gargajiya, ɗaruruwan mutane suka mutu, dubbai suka rasa muhalli. Bayan shekara fiye da ɗari, ana tambayar Bahaushe ko shi ɗan ƙasa ne.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, in kana tsakanin gida biyu kowanne na maka kallon baƙo, ba kai farau ba. Imani ya riƙe zukatan kakanninmu a hanya. Haƙƙin ɗan ƙasa kuwa sai an tashi an nema.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.