Harshen tsibiri a kunnen duniya: tarihin ƙungiyar Sigur Rós

A shekara ta 1994, lokacin da samari uku na birnin Reykjavik suka kafa ƙungiyar kiɗa mai suna Sigur Rós, wato « furen nasara », jama'ar ƙasar Islanda baki ɗaya ba su kai mutum 270 000 ba. Ga mawaƙin da ke son ya ci abinci da muryarsa a ƙasa irin wannan, lissafi a fili yake: kasuwar gida ba ta riƙe mutum, ta waje kuwa da Ingilishi ake shigarta.

Sai dai barin harshen gida ba ƙaramin abu ba ne a Islanda. Tsibirin ya shafe ƙarnuka a ƙarƙashin sarautar Danmark, bai zama jamhuriya ba sai ranar 17 ga Yuni 1944. Waɗanda suka nemi ƴancinsa ba su da soja, ba su da dukiya. Hujjarsu ita ce harshensu da tsofaffin littattafan fata da kakanninsu suka rubuta. Ranar da Danmark ta mayar da biyu mafi daraja daga cikinsu, a watan Afrilu 1971, mutane sun cika bakin teku don tarbar jirgin. Har yau, in sabon abu ya shigo, ƙera masa suna ake yi daga tsohon tushe: kwamfuta ta zama tölva, daga kalmar « lamba » da ta « matar da ke duba ». Amma daga 1951 zuwa 2006 sojojin Amurka na zaune a sansanin Keflavik, rediyonsu da talabijin ɗinsu na shiga gidajen jama'a da Ingilishi. Ƙasar ba ta samu tata talabijin ba sai a 1966, kuma har 1987 ba ta aiki ranar Alhamis. Tsakanin waɗannan muryoyi biyu matasan Reykjavik suka girma.

Ƙungiyar Sugarcubes, inda Björk ta yi suna, ta buɗe ƙofar waje a 1987 da waƙar « Birthday », wadda ke da zubi na harshen gida amma na Ingilishin ne ya yi tafiya. A kamfanin da waɗannan mawaƙa suka kafa, Smekkleysa, Sigur Rós ta fitar da faifanta na farko, Von, wato « fata », a 1997. Kusan ba wanda ya saya.

Faifai na biyu, Ágætis byrjun, « kyakkyawan mafari », ya fito a 1999, bayan shigowar Kjartan Sveinsson mai fiyano, kuma shi ne ya sauya komai. Mawaƙin, Jón Þór Birgisson, wanda aka fi sani da Jónsi, ba ya kaɗa jitar lantarki da yatsu kawai: goga ta yake yi da baka, kamar yadda mai goge ke yi, sai sautin ya miƙe ya yi ta amsa kuwwa ba tare da an ji inda aka soma shi ba. A kan wannan yake ɗora siririyar murya mai tsayi, wadda baƙon kunne kan ɗauka ta mace ce. Waƙa ɗaya, « Svefn-g-englar », ta kai minti goma. Wanda ya saba jiran amshi ko bugun rawa zai gaji tun da wuri, don ginin waƙar yana cikin yadda sauti ke taruwa a hankali, ya cika wuri, ya fashe, sannan ya janye. Faifan ya fita a Ingila a shekara ta 2000, ƙungiyar ta raka Radiohead yawon wasa, a 2001 kuma ta ci kyautar Shortlist a Amurka, duk ba tare da ta sauya harshe ba.

Nasarar tana da ɗan ɗaci a ƙarƙashinta. Masu sauraro na waje sun so harshen ne a matsayin sauti, ba su nemi ma'anarsa ba. Ƙungiyar ta kai wannan al'amari maƙura a 2002 da faifan da sunansa baka biyu ne kawai, ( ): waƙoƙi takwas marasa suna, ɗan littafin ciki shafuffuka ne farare, muryar kuma ba ta furta kalma ko ɗaya ta gaske. Gaɓoɓi ne kawai, waɗanda aka laƙaba wa suna Vonlenska, kamar a ce « Fatanci ». Ba harshe ba ne, tunda ba shi da nahawu ko ƙamus. Mafi yawan baƙi ba su iya bambance shi da harshen Islanda na gaske ba, abin da ya isa ya sa malamin harshe ya yi shiru kafin ya yi tafi. Harshe na iya zagaya duniya a bakin mawaƙi, masu fahimtarsa ba su ƙaru da mutum ɗaya ba.

A gida aikin ya fi nauyi. Tun ƙarni na 14 Islanda ke da rímur, dogayen waƙoƙin labari masu amsa-amo da ake rerawa ba kiɗa, a hirar dare ta lokacin sanyi, mutanen gida na saƙa da kaɗin ulu. Jónas Hallgrímsson, marubucin da ake bikin ranar harshen ƙasa da ranar haihuwarsa, 16 ga Nuwamba, shi da kansa ya kushe su a 1837, kuma daga baya sun koma hannun ƴan tsirarun masu kishi. A 2001 Sigur Rós ta yi ƙaramin faifai da Steindór Andersen, masunci kuma gwanin rera su, ta kuma hau dandali da shi a gaban matasan da suka ɗauki rímur kayan tsofaffi.

A damina ta Turai ta 2006, bayan faifan Takk... na 2005 ya kai waƙar « Hoppípolla » har tallar shirin Planet Earth na BBC, ƙungiyar ta zagaya tsibirin tana wasa kyauta: a zauren ƙauye, a fili, a cikin tsohuwar masana'antar kifi ta Djúpavík da aka daɗe da rufewa. Ta kuma je sansanin masu adawa da madatsar ruwa ta Kárahnjúkar, wadda aka gina don bai wa masana'antar gorar ruwa wuta, ta yi kiɗa a can ba da lantarki ba. Fim ɗin Heima, « a gida », na 2007, ya adana wannan tafiya. Madatsar dai an gama ta, ruwa ya shanye kwarin.

Waƙarsu ta farko da Ingilishi, « All Alright », sai a 2008 ta zo, a ƙarshen faifai. Kjartan Sveinsson ya bar ƙungiyar a 2013, ya dawo a 2022, a 2023 kuma suka fitar da Átta, wato « takwas », faifansu na takwas, tare da babbar ƙungiyar makaɗa ta London.